Lissafin Maraɗi a Allon Ɗantutture

Ni mutuniyar Zonkwa ce, aiki ne ya kawo ni Dutsin-Ma, inda nake koyar da Turanci a wata sakandare. Sunana Priscilla, amma na daɗe a garin har masu kayan miya sun mayar da ni Malama Firisila, ni ma na saba. Labarin nan ba nawa ba ne. Na Malama Raihana ne, wadda muka yi karatun digiri na biyu tare, kujerarta kusa da tawa.

Kwas ɗin na wata jami'a ce ta ƙasar waje, a kan yadda ake tafiyar da harkokin ilimi tsakanin ƙasa da ƙasa. Sun buɗe cibiya a Dutsin-Ma, muna haɗuwa kowace Asabar a wani ɗaki mai kwamfutoci. Malaman suna can ƙasarsu, ta intanet suke yi mana lakca, muna ganinsu a babban allo jikin bango tare da fuskokin ɗaliban wasu ƙasashe. A nan kuwa wani Dokta Dennis ke kula da mu, mutum mai son ƙa'ida, bai cika dariya ba amma ba shi da mugunta.

Ranar farko aka ce kowa ya gabatar da kansa. Yawancinmu ma'aikatan jami'a ne da na ƙungiyoyin agaji, kowa ya tashi sai ya jero muƙamai. Da aka zo kan Malama Raihana sai ta miƙe, doguwa siririya, da hijabi ruwan toka da tabarau, ta ce ita ce shugabar wata firamare a Ɗantutture ta ƙasar Kurfi, ajujuwa shida a ɗakuna huɗu. Wani daga baya ya tambaya ƙasa-ƙasa, wai da wace ƙasa Ɗantutture ta yi iyaka. Aka yi dariya. Ita ma ta yi murmushi, ta zauna, ta buɗe littafinta.

Ban daɗe ba na gane irin ɗalibar da Allah ya haɗa ni da ita. A zangon farko an ba mu karatu mai yawa: yadda kowace ƙasa ke jera shekarun makaranta, da harshen da ake koyar da yara da shi, da yadda wata ƙasa ke karɓar takardar shaidar wata. Mu dai mukan tsinci abin da muke zaton zai fito a jarrabawa. Ita kuwa duk abin da aka ba mu sai ta buga shi a takarda, ta karanta a cikin motar haya tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, ta cika gefen shafi da bayani da Hausa. In Turancin ya yi mata tsauri ba ta jin nauyin tambaya. Takan juyo ta ce in fassara mata jimla, in na fassara kuma ta ce to, in ba ta misali. Sau da yawa a nan ne nake gano ni ma ban kama zancen ba tukuna. Wata rana na tambaye ta me ya kawo ta wannan karatu, tunda dai ba ƙasar waje za ta je aiki ba. Ta ce so take ta san ko abin da ke damun makarantarta ya taɓa damun wani a duniya, da yadda ya yi da shi.

A zango na biyu aka ba mu babbar jinga ta rukuni. Sharaɗin shi ne kowane rukuni mutum uku, kuma dole a samu 'yan ƙasashe biyu a ciki. Aka haɗa mu, ni da ita da wani Malam Abdulmumin, shugaban wata firamare a Maraɗi ta Nijar. Karon farko da muka yi magana da shi ta waya, wahala muka sha. Shi da Faransanci ya yi karatu, Turancinsa na littafi ne, sai ya tsaya yana lalubo kalma kamar mai neman allura a rairayi. Muka yi ta fama a haka, har Malama Raihana ta ajiye alƙalami.

“Wai Malam, ba ka jin Hausa ne?”

Sai ya tuntsire da dariya. Ya ce shi fa ya ɗauka dokar jami'a ce, ko gaisuwa sai da Turanci. Daga ranar da Hausa muke tattaunawa, in an gama ni in rubuta da Turanci. Muka zaɓi batu mai sauƙi, kwatanta yadda ake horar da malaman firamare a ƙasashen biyu. An riga an yi rubuce-rubuce da yawa a kansa, kuma Dokta Dennis ya amince.

Aiki ya yi nisa sai Lauratu ta zo Ɗantutture.

Mahaifinta ɗan Ɗantutture ne, ya daɗe yana gyaran babura a Maraɗi, a can ya yi aure, a can aka haife ta. Da ya rasu, uwarta Batula ta kawo ta wurin dangin uba don su ma su ɗan ga ɗiyarsu. Shekarunta sha biyu. Ranar da aka kawo ta makaranta Malama Raihana tana taron shugabannin makarantu a Kurfi, mataimakinta Malam Almu ne ya karɓe ta. Ya yi mata tambaya da Turanci, ba ta amsa ba. Ya nuna mata littafi, ta karanta kalmomin da wata irin murya da bai taɓa ji ba. Ba su zo da wata takarda ba. Sai ya yi abin da aka saba yi, ya kai ta aji ɗaya.

Da Malama Raihana ta dawo, tana zaga ajujuwa sai ta hango yarinya doguwa zaune a bayan yara ƙanana, gwiwoyinta sun wuce benci, ana ta rera baƙaƙen Turanci ita kuma ta sunkuyar da kai. Ta tambaya, Malam Almu ya ba ta bayani. Abin ya tsaya mata a rai, amma ba ta so ta warware hukuncin mataimakinta a gaban jama'a ba, sai ta ce bari ta ɗan lura tukuna.

Ba a jima ba abin ya bayyana da kansa. Malam Almu ya bar lissafin rabawa a allon aji biyar aka tashi tara, wato hutun safe. Da ya dawo ya tarar an yi wasu zane-zane a ƙasan lissafin, yara suka ce baƙuwar yarinyar nan ce. Ya ɗauki tsumma zai goge, yana faɗa, sai ga shugabar makaranta a bakin ƙofa. Ta ce ya dakata. Mu yadda muke rabawa, adadin da za a raba yana shiga ƙarƙashin rumfa, mai rabawa a hagu, amsa a sama. Ita yarinyar ta ja layi a tsaye, ta sa mai rabawa a dama, ta ja masa layi a ƙasa, amsar kuma ta sauka a ƙarƙashinsa. Bakwai ɗinta da sanda a tsakiya, ɗaya ɗinta da dogon baki. Komai a juye yake, amma amsar daidai ce.

Malama Raihana ta ɗauki hoton allon ta tura wa Malam Abdulmumin. Nan take ya kira. Ya ce ai haka suke rabawa a lakwal, wato makarantar boko ta Nijar, kuma duk yaron da ya iya wannan ya kai aji biyar a lissafinsu. Ya ce a ba shi yarinyar. Aka kira Lauratu ofis, ta ɗauka dukanta za a yi. Da ta ji muryar namiji yana mata Faransanci ta waya, sai ta miƙe tsaye sak, ta harɗe hannuwa a ƙirji kamar yadda aka koya mata, ta ce, “Wi, mushe,” wato “To, Malam” da Faransanci. Ya yi mata tambaya ta amsa, ya ƙara ta amsa. Ya ce ta kawo wata waƙar makaranta da ta haddace, ta kawo ta daga farko har ƙarshe ba gargada. Malama Raihana ta ce mini tunda yarinyar ta zo ba wanda ya taɓa jin ta haɗa jimla biyu, ranar kuwa sai da aka ce ta tsaya haka nan.

Asabar ɗin da ta biyo baya ta same ni tun kafin a fara lakca. Ta ce so take mu sauya batun jingarmu, mu yi a kan yaran da suka fara karatu a Nijar suka dawo nan, yadda za a gane inda suka tsaya a sa su ajin da ya dace. Ni kuwa na ga mun riga mun ci fiye da rabin aikin farko, lokaci kuma ya ƙure. Na faɗa mata haka. Ba ta yi mini gardama ba, wayarta kawai ta miƙo mini na ga hoton allon. Malam Abdulmumin ya riga ya yarda. Muka je wurin Dokta Dennis.

Ya saurare ta har ta gama, sannan ya cire tabaransa ya ce labarin yana da taɓa zuciya, amma yarinya ɗaya ba ta isa a gina bincike a kanta ba. Ya ce in ta tabbatar masa akwai irinta da dama, zai sa hannu. In ba haka ba mu koma kan aikinmu na farko.

“Na ji, Dokta,” in ji ta. “Gaskiyarka ce. Zan nemo su.”

Ranar ta gayyace ni gidansu a Kurfi. Gidan malamai ne tun kaka da kakanni, da makarantar allo a ƙofar gida da masallaci a gefe. Mahaifinta, Malam Maniru, ya tsufa sosai, idonsa ya yi rauni, amma har yanzu manyan ɗalibai na zuwa ɗaukar karatun littattafai a wurinsa. Muka gaishe shi a zaure, ya ce da ni ɗiyata, ya tambayi mutanen gida da hanya, ya sa aka kawo mini fura. Malama Raihana ta durƙusa gefensa ta ba shi labarin Lauratu. Ya saurara yana jan carbi har ta gama.

“Mu a zamaninmu,” in ji shi, “in ɗalibi ya zo daga Damagaram ko Agadas, ba mu tambayar shi takarda. Cewa mukai, ina karatunka ya tsaya? Ya ja, mu saurara. In ya ja daidai, daga nan za mu ɗora mishi. Ba a maida mai izu arba'in ya koma babbaƙu don ya sauya gari.”

Ta yi dariya, ta ce masa ai wannan abin da ya faɗa a numfashi ɗaya, mako guda muka yi ana koya mana shi da dogon suna. Ya ce to madalla, ashe su ma sun gano. Sannan ya ba ta shawarar da ta fi komai amfani a aikin: ta bi ta wurin malaman allo, don duk yaron da ya bar boko ba ya barin allo, su ne suka san ɗan wane ya zo daga ina.

Haka ta yi. Bayan an tashi makaranta sai ta hau babur ɗin haya ta shiga ƙauyuka. Wani lokaci nakan bi ta in ba ni da aji. Mun je Dabawa, mun je Makera, mun zaga unguwannin Kurfi. Na ga yadda take shiga gida. Ba ta fara da tambaya. Sai ta gaisa, ta zauna a tabarma, ta karɓi ruwa, ta yi zancen damina da na yara, har matar gida ta saki jiki. A Makera muka samu wani yaro da ya yi aji huɗu a Nijar, aka mayar da shi aji ɗaya a nan, yara suka riƙa kiransa baban aji, ya jefar da jaka ya koma bin masunta bakin dam. A Dabawa wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, uwarsu ta ce ai ita ta ɗauka karatun can ba ya aiki a nan, kamar kuɗin can. Kafin damina ta kankama mun samu yara sun haura goma, rabinsu sun riga sun bar makaranta.

Dokta Dennis ya karanta abin da muka kawo, ya sa hannu. Da za mu fita sai ya ce in muna buƙatar ɗakin kwamfuta ranar da ba lakca, mu gaya masa ya bar mana makulli.

Daga nan aikin ya rabu uku. Malam Abdulmumin ya jera mana abin da yaro ke koya a kowane aji a can, muka ɗora shi kusa da namu muka ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Malama Raihana ta tsara yadda za a gwada yaro: a yi masa tambayoyin lissafi da na sanin duniya da Hausa, baki da baki, a bar shi ya rubuta yadda ya saba, in an shiga ruɗu a kira Maraɗi. Ni kuma aka ba ni Turanci. Na zauna na tsamo kalmomin da suka yi kama a Turanci da Faransanci, ashe suna da yawa, na fara darussan da su don yaro ya ga ba daga sifili ya fara ba.

Malam Almu bai ji daɗin abin ba da farko. Mutum ne mai shekaru a aikin koyarwa, ya ga kamar an ce ya yi kuskure. Ya riƙa cewa yarinyar da ba ta iya cewa ina kwana da Turanci ba, yaya za ta zauna da 'yan aji biyar. Malama Raihana ba ta taɓa ce masa ya yi kuskure ba. Abin da ta yi shi ne, ta same shi ta ce duk makarantar ba wanda ya kai shi lissafi, tana roƙonsa ya duba mata wannan hanyar rabawa ta Nijar, ya gaya mata ko tana da aibi. Ya tafi da ita gida. Da ya dawo ya ce ba ta da aibi, hasali ma in lissafin ya yi tsawo ta fi tamu tsafta a takarda. Daga baya shi da kansa ya riƙa koya wa 'yan aji biyar hanyoyin biyu, yana cewa kowa ya bi wadda ta fi kwanta masa.

Saura izini daga sama. Jami'in da ke duba makarantunsu ya ce shi bai ƙi ba, amma ba shi da wata doka a rubuce da ta ce a sa yaro aji biyar ba tare da takarda ba, in wani abu ya taso shi za a tambaya. Ta ce ta fahimta. Ta koma, ta sake komawa, kowane zuwa da bayanin da ya nema. A ƙarshe ta gayyace shi ya zo ya ga gwajin da idonsa. Ya zo, ya zauna a bayan aji, ya ga Lauratu da yaron Makera suna amsa tambayoyi. Da aka gama ya ce a gwada na zango ɗaya, shi zai tsaya musu.

Aka mayar da Lauratu aji biyar. Ba zan ce abin ya zo mata da sauƙi ba. A lissafi ita ce kan gaba, amma a sauran darussa takan zauna kamar an kulle ta a waje. Akwai ranar da ta yi kuka ta ce a mayar da ita aji ɗaya, can ko ba komai ta san abin da ake cewa. Malama Raihana ta zaunar da ita a ofis, ta ciro takardun kwas ɗinmu ta nuna mata gefen shafukan da ta cika da Hausa. Ta ce mata ita ma ga ta da furfura, amma duk Asabar haka take zama a aji ana maganar da rabinta ke wuce ta, sai ta tambaya. Yarinyar ta share hawaye ta koma aji. A hankali kunnenta ya buɗe. Yaran ƙauyukan nan ma aka shirya da shugabannin makarantunsu, mafi yawansu suka koma, ko da yake 'yan matan Dabawa ɗaya ce ta yarda, babbar ta ce ita ta riga ta girma.

Ranar gabatar da jinga, Malama Raihana ce ta yi magana a madadinmu. Ta sha gwaji a gabana kafin ranar. Tana tsakiyar bayani sabis ya ɗauke. Da ya dawo ba ta rikice ba, ta ɗora daga inda ta tsaya. Ta nuna hoton allon aji biyar, sai wani ɗalibi daga wata ƙasar gabashin Afirka ya ɗaga hannu ya ce su ma suna da irin waɗannan yara a bakin iyakarsu, bai taɓa tunanin a gwada su da harshen gida ba. Malamar kwas ɗin, Farfesa Vanessa, ta yi tambayoyi masu zafi, Malam Abdulmumin ya amsa wasu da Turancinsa na lalube, bai ji kunya ba.

Sakamako ya fito, ba mu ne na ɗaya ba, tsaka-tsaki muka samu. Farfesa ta rubuta cewa aikin fili ya yi kyau ƙwarai, amma ba mu karanta abin da masana suka riga suka rubuta a kan batun yadda ya kamata ba, kuma yaran da muka bi ba su da yawan da za a yanke hukunci da su. Ni raina ya ɓaci, na ce ina ma waɗanda suka fi mu maki sun taɓa taka ƙafa a Makera. Malama Raihana ta karanta bayanin a nutse, ta ce matar nan gaskiya ta faɗa, gaggawa ce ta sa muka tsallake karatun. Ta rubuta mata godiya, ta roƙe ta sunayen abin da ya kamata mu karanta. Hutun nan gaba ɗaya a kansu ta ƙare shi, har da waɗanda aka rubuta da Faransanci, Malam Abdulmumin yana fassara mata ta saƙon murya.

Bayan kaka sai Batula ta zo makaranta da kanta. Ta ce zaman Ɗantutture bai karɓe ta ba, danginta na can, sana'arta na can, za ta koma Maraɗi da ɗiyarta. Ina ofishin a ranar, na kai wasu darussa. Na ga fuskar Malama Raihana ta sauya, don a lokacin Lauratu ta fara rubuta 'yan jimloli da Turanci, har ana maganar jarrabawar shiga sakandare. Na zaci za ta roƙi a bar mata yarinyar, gidansu ba ya rasa wurin kwana. Ba ta yi haka ba.

“Ɗiyarki ce, Batula, kin fi kowa sanin inda hankalinki zai kwanta,” ta ce. “Abu ɗaya nike roƙo. In kun isa, kada ta zauna gida ko na mako guda.”

Batula ta ce tsoronta kada can ma a ce ta yi fashin shekara a mayar da ita baya. Nan take Malama Raihana ta kira Malam Abdulmumin, ta ba Batula waya suka yi magana. Ya ce su zo makarantarsa kai tsaye, shi zai gwada ta da kansa, ya kuma ce akwai yaran da suka fara karatu a Najeriya suka koma can, su ma haka ake mayar da su baya, yanzu ya fara yi musu irin abin da muka tsara. Malama Raihana ta rubuta duk abin da yarinyar ta koya a wurinta, ya fassara, aka ba uwar ta tafi da shi.

Ranar tafiya Malama Raihana ta raka su tasha a Kurfi. Ta ba Lauratu ƙaramin ƙamus da darussan da na rubuta, ta ce kada ta yar da Turancin, harshe ba ya yi wa mutum nauyi. Mota ta tashi, ita kuma ta tsaya tana kallo har motar ta sha kwana. Sannan ta juya gida. Daga baya Malam Abdulmumin ya aiko da labari, ya ce yarinyar ta shiga aji shida, kuma duk lokacin da baƙo mai Turanci ya zo makarantar, ita ake turawa ta tarbe shi.

Mun gama kwas ɗin, kowa ya kama gabansa. Wasu daga cikinmu sun samu aiki a Abuja, ɗaya ma ya fita waje. An yi wa Malama Raihana tayin komawa ofis a birni, ta ce a ba ta lokaci tukuna, akwai rufin ɗakin aji uku da ba a ƙarasa ba.

Kwanan baya ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Da na fito na ga Malama Raihana ce, na kira ta. Ta ce wani mutumin Kurfi ne ya dawo daga Sudan da iyalinsa saboda yaƙi, yaransa uku duk da Larabci suka yi karatu, har lambobinsu daban ne. Mahaifinta ya saurari karatunsu ya ce Larabcinsu ya nuna, amma shi bai san yadda ajujuwan bokon can suke ba. Tana tambaya ko ina da lambar wata 'yar kwas ɗinmu ta can ɓangaren Sudan, wadda muka saba gani a allon bango zaune kusa da taga. Na ce zan duba. Ta ce in hanzarta, don ta zaunar da su a ofishinta, ba ta son ta kai su kowane aji sai ta san inda suka tsaya.